Daga Sakkwato zuwa Katsina a jirgi: yadda ake lissafin nisa da lokacin tafiya

Kawuna ya kira ni daga Sakkwato ranar Talata da daddare. Za a ɗaura auren ɗan amininsa a Katsina ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, 'ya'yansa kuma sun hana shi bin mota.

"Yaro, an ce mini minti ashirin jirgi ke yi tsakaninmu da Katsina. In na fito da hantsi ranar Juma'ar, ai na sami salla ko?"

Na ce, "Kawu, wa ya faɗa muku minti ashirin?"

Ya ce jikansa ne ya duba a waya.

Jikan bai yi ƙarya ba. Shafin da ya duba ya ɗauki nisa ya raba da gudun jirgi, ya ba shi amsa, shi ke nan. Irin wannan amsar ce ke sa mutum ya kwana a kujerar filin jirgi da babbar rigarsa a hannu. Ga yadda nake yin lissafin, tun daga taswira har ƙofar gidan biki. Sakkwato da Katsina ne misalina, amma hanyar ɗaya ce ko tsakanin Maraɗi da Damagaram ne, ko Yola da Jalingo.

Mataki na farko: tabbatar da filayen da kake nufi

Kowane filin jirgi yana da lambar suna iri biyu: mai haruffa uku da ake bugawa a tikiti da jikin jaka, da mai haruffa huɗu ta matuƙa da ma'aikatan hasumiya. Filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato SKO ne, ko DNSO. Filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina DKA ne, ko DNKT. Duk mai haruffa huɗu da ta fara da DN ta Najeriya ce, ta Nijar kuma da DR take farawa.

Ka lura da ta Katsina da kyau, don ba ta kama da sunan garin ko kaɗan. In hannunka ya zame ka rubuta DKR ka tafi Dakar, DAC kuma Dhaka ce ta ƙasar Bangladash. In shafi ya ce maka dubban kilomita ne, koma ka duba haruffanka.

Mataki na biyu: auna nisan miƙe

Hanya mafi sauƙi ita ce Google Maps. Ka danna yatsa kan filin farko har alama ta tsaya, ka zaɓi auna nisa, ka ja zuwa fili na biyu. Akwai kuma shafin Great Circle Mapper, inda za ka rubuta SKO-DKA kawai. Duk da haka na fi son mutum ya iya yi da hannunsa ko da sau ɗaya ne, don wanda ya san daga ina lamba ta fito ba a cika yi masa rufa-ido da ita ba.

Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu. Ɗaya tana faɗin nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, ɗayar tana faɗin nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic, wanda ya ratsa wata unguwa mai wannan suna a Landan. Filin Sakkwato yana kan digiri 12.916 arewa, 5.207 gabas. Na Katsina yana kan 13.008 arewa, 7.660 gabas.

Fara da lambar arewa. Ka cire ƙarama daga babba, saura 0.092. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne a ko'ina, saboda haka tazarar kilomita 10 ce kacal. Wato garuruwan biyu kusan kafaɗa da kafaɗa suke, tafiyar gabas ce sak.

Sai lambar gabas. Bambancin 2.453 ne, amma a nan ba za ka ninka da 111 ba. Ka tuna ɓawon lemo in an yanka shi tsaye: yankan yana da faɗi a tsakiya, yana tsukewa ta wajen kai da gindi. Haka layukan gabas da yamma suke tsukewa yayin da ake yin arewa. A daidai digiri 13, inda su Sakkwato, Katsina da Maraɗi suke, digiri ɗaya kilomita 108 ne. A wajen Abuja ya kusa 110. Ninka 2.453 da 108, ka sami 265.

Yanzu ka ninka kowace tazara da kanta, ka haɗa su, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. 265 sau 265, a tara da 10 sau 10, a danna √, amsar ba ta matsa daga 265 ba. Nisan ke nan: kimanin kilomita 265. Wannan dabarar tana aiki sumul a tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita. In Jidda za ka auna, bar wa kwamfuta, don a can lanƙwasar duniya ta shigo lissafi.

Wani ɗan abin sha'awa da ke cikin lambar nan: rana tana cin digiri ɗaya a minti huɗu. Digiri biyu da rabi ya kama minti goma ke nan, shi ya sa da azumi Bakatsine ke kai dabino baki alhali Basakkwace na duban agogo.

Kafin ka wuce, duba ma'aunin da aka ba ka. Kilomita 265 daidai take da mil 165 irin na titi, kuma daidai take da mil 143 na teku, wanda da shi masu jirgi ke aiki. Mil na teku kilomita 1.852 ne, na titi 1.609. Shafuka uku na iya ba ka 265 da 165 da 143, ka ɗauka sun saɓa wa juna, alhali magana ɗaya suke yi.

Mataki na uku: wane irin jirgi ne?

Gudun jirgi in ya daidaita a sama ya bambanta ƙwarai. Jet irin su Boeing 737 da Embraer 145, waɗanda su ne aka fi gani a filayen Arewa, suna yin kusan kilomita 830 a awa. Mai farfela biyu irin ATR 72 yana yin kimanin 510. Ƙaramin Cessna Caravan mai farfela ɗaya, irin na shata da ƙungiyoyin agaji, yana yin wajen 320.

Raba nisa da gudu, ka ninka da 60, ka sami mintoci. Jet: minti 19. ATR: 31. Caravan: 50. To ga inda jikan Kawu ya samo minti ashirin ɗinsa.

Mataki na huɗu: ƙara abin da rabawar ta manta

Rabawar nan ta ɗauka jirgi yana barin ƙasa da cikakken gudu, ya faɗo a ɗaya filin da cikakken gudu. Ba haka ake yi ba, kuma a gajeriyar tafiya bambancin ya fi fitowa fili.

Jirgi yana hawa ne a hankali. A ƙasa da ƙafa 10,000, ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce kusan kilomita 460 a awa. Wajen sauka kuma matuƙa suna da lissafinsu: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar mil uku na teku. In jet ɗin ya hau ƙafa 20,000, tun saura mil 60 ya isa Katsina zai fara gangarowa, a tafiyar da gaba ɗayanta mil 143 ce. Ka cire abin da ya ci wajen hawa, za ka ga 'yan mintoci ne kawai ya yi yana cikakken gudu. Ma'aikatan ciki ma da ƙyar za su gama raba ruwa kafin a ce a ɗaura bel.

Sannan jirgi ba ya bin layin da ka ja a taswira. Yana tashi ne yana fuskantar iska, yana sauka yana fuskantar iska. In iskar ranar ta sa ya tashi ta yamma, sai ya yi kwana kafin ya kama gabas, a can ma wataƙila ya wuce filin ya juyo. A sama kuma akwai hanyoyi da aka shata, hukumar NAMA ce ke kula da su a Najeriya, kuma ba kowace ce ta miƙe daga gari zuwa gari ba.

Abin da nake yi shi ne in ƙara minti 15 ga jet, minti 10 ga babban mai farfela, minti 5 zuwa 10 ga ƙarami, tunda shi ba ya hawa can ƙoli. Sai lissafin ya koma: jet kusan minti 35, ATR kusan 40, Caravan kusan awa ɗaya. Ka ga jet ɗin da a takarda ya tsere wa ATR da minti goma sha biyu, a zahiri da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya riga shi. Dalilin da ya sa ƙasashe da yawa ke sa masu farfela a gajerun hanyoyi ke nan, ga shi kuma sun fi tsimin mai.

Wannan lokacin sama ne. Wanda kamfani ke rubutawa a tikiti daban yake: yana farawa daga lokacin da aka zare abin da ke tokare tayoyi jirgi ya motsa, har ya tsaya cik a ɗaya filin. A ƙaramin fili babu layin jirage, minti biyar kowane ɓangare ya isa. A Abuja ko Legas kana iya shafe kwata a kan hanyar zuwa titin tashi kana jiran a ba matuƙi izini. Da a ce akwai jet kai-tsaye daga Sakkwato zuwa Katsina, abin da za ka gani a tikiti minti 45 ne ko 50.

In kana son gwada lissafinka, buɗe Flightradar24, shafin da ke nuna zirga-zirgar jirage, ka nemi wata tafiya da ake yi kullum, ka ga mintocin da jirgin ya yi a kwanakin baya. In amsarka ta yi kusa da su, hannunka ya faɗa.

Mataki na biyar: iska da yanayi

Iska ta fi taɓa ƙaramin jirgi. A ce ta hunturu ce ke kaɗowa daga gabas da gudun kilomita 40 a awa. Caravan mai zuwa Katsina yana kokawa da ita, gudunsa a kan ƙasa ya koma 280, minti 50 ya zama 57. In zai dawo tana tura shi, 360, minti 44. Jet kuwa minti ɗaya zai ƙara ko ya rage, ba ma za ka sani ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke ɓata tafiyar jirgi a ƙasarmu hazo ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a kanmu. Kowane fili yana da iyakar nisan gani da dole matuƙi ya samu kafin ya sauka, kuma iyakar ta danganta da na'urorin da ke filin da kuma ko suna aiki ranar. In hazo ya yi kauri, jirgi ko dai ba zai taso ba, ko ya zo ya yi ta shawagi ya koma inda ya fito. Na taɓa zama a wani fili tun ƙarfe tara na safe cikin watan Janairu, muna jin ƙugin jirginmu a bisa kanmu har sau biyu, ba mu ga ko inuwarsa ba. Wani dattijo kusa da ni ya ajiye carbinsa ya ce, "To, ya gaishe mu ya wuce." Sai washegari muka tashi.

Da damina kuma hadari ne. Kowa ya san daga gabas yake tasowa ya yi yamma, kuma ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare. Matuƙi ba ya kutsawa cikinsa, kewaye shi yake yi ko ya jira ya wuce. Da bazara, in zafin Sakkwato ya haura digiri 40, iska kan yi sako-sako, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo, wani lokaci ma a rage kaya.

Za ka iya duba yanayin da kanka. Rubuta METAR DNSO ko METAR DNKT a intanet, rahoton yanayi da ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa daga filin zai fito in an sabunta shi. Nemi lamba mai gida huɗu: 9999 na nufin ana hangen kilomita 10 ko fiye, 0600 kuwa mita 600 ke nan, ranar ka riƙe zuciyarka. HZ hazo ne, DU ƙura, TS hadari mai tsawa. Lokacin da ke jikin rahoton mai harafin Z agogon Girinwic ne, ƙara awa ɗaya ka sami na Najeriya da Nijar.

Wani abu kuma: ƙananan filaye da yawa da rana kawai suke aiki, sai in an yi shiri na musamman kamar lokacin jigilar alhazai. Jirgin yamma in ya makara da awa biyu, yana iya zama na gobe.

Mataki na shida: akwai ma jirgin?

Da wannan ya kamata a fara, amma na bar shi nan don ka ga girman ratar. Jiragen fasinja da ke zuwa Sakkwato da Katsina galibi daga Abuja suke tasowa, can kuma suke komawa. Kamfani ba ya sa jirgi mai kujera hamsin ko ɗari da wani abu a hanyar da ba zai cika ba. Jadawali kan canza, saboda haka ka duba na makon da za ka yi tafiya, amma ka shirya wa cewa sai ka ratsa ta Abuja.

Maimaita mataki na biyu. Filin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana kan 9.007 arewa, 7.263 gabas. Daga Sakkwato zuwa can kimanin kilomita 490 ne, daga can zuwa Katsina kimanin 445. Jimla 935, ninki uku da rabi na nisan miƙe. A jet, zangon farko minti 35 da ƙarin 15, wato 50 a sama, awa ɗaya da 'yan mintoci a tikiti. Na biyu kusan awa ɗaya.

Awa biyu a jirgi ba wani abu ba ne. Matsalar tana tsakanin jiragen biyu. Wanda zai ɗauke ka daga Sakkwato sai ya fara zuwa daga Abuja, ya sauke mutane, sannan ya kwashe ku. In ya baro Abuja a makare, kai ma ka makara. Kafin ka sauka Abuja, mai yiwuwa na Katsina ya riga ya tashi, kuma ba mamaki shi kaɗai ne a ranar. Wani garin ma ba kullum ake zuwansa ba. Don haka ka rubuta abu biyu a takarda: lokacin saukarka Abuja da lokacin tashin na Katsina. In na biyun ya riga na farko, kwana ya kama ka, ka sa kuɗin masauki da na mota cikin lissafi.

In tikitin biyu na kamfanoni daban ne, babu wanda ya ɗauki alhakin haɗa ka da ɗayan. Za ka karɓi jakarka, ka fito, ka sake bin layi. Ni ba na barin ƙasa da awa uku a tsakani, da hunturu kuwa kwana nake sa wa kaina tun daga gida. Sashe na 19 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya tanadar wa fasinja haƙƙi in an jinkirta ko an soke tashi, har da mayar da kuɗi, sai dai mayar da kuɗi ba ya dawo da ɗaurin auren da aka riga aka shafa fatiha.

Mataki na bakwai: daga ƙofa zuwa ƙofa

Yanzu tara komai, a ce ranar kowane jirgi ya zo kan lokaci. Filin Sakkwato yana wajen gari ta kudu, ka ba shi rabin awa daga gida. Isa fili awa ɗaya da rabi kafin tashi, don ana rufe karɓar kaya tun da sauran lokaci. Zangon Abuja awa ɗaya da minti biyar. Jira awa uku. Zangon Katsina awa ɗaya. Jiran jaka minti ashirin. Filin Katsina yana gabas da gari ta hanyar Daura, minti ashirin ya kai ka cikin gari. Jimla awa bakwai da minti 45. A cikinsu, abin da ka yi a sama bai cika awa biyu ba.

Da wannan lambar ce za ka gwada sauran hanyoyi, ba da minti 19 ba. A mota, ta Talata Mafara da Gusau da Ƙauran Namoda da Zurmi zuwa Jibiya, tafiyar ta kai kilomita 400, kuma da lafiya lau ake da mota ta riga jirgin isa. Amma kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yankin, shi ya sa 'ya'yan Kawu suka kafe. Wasu kan zagaya ta Gusau da Funtuwa, wasu kuma in iyaka a buɗe take sukan bi ta Illela su shiga Ƙonni, su wuce Maraɗi, su faɗo Jibiya ta Ɗan Isa. Wannan shawara ce da direbobin tasha suka fi kowace taswira sanin halin da take ciki a makon.

Akwai kuma hanyar da mutane ke mantawa: raba tafiyar tsakanin jirgi da mota. Kano ta fi Katsina yawan jirage daga Abuja nesa ba kusa ba, kuma daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne a titi, awa biyu da rabi zuwa uku. In na Katsina ya kuɓuce maka, na Kano na yamma yana iya cece ka. Duk lokacin da za ka ƙaramin fili, ka san babban filin da ya fi kusa da shi tun kafin ka bar gida.

Shata ita ce kaɗai ke ba ka minti 35 ɗin nan ko awa ɗaya. Ko a nan ka tambaya daga ina jirgin zai taso, don in a Abuja yake ajiye, kai za ka biya zuwansa Sakkwato wayam da komawarsa daga Katsina wayam.

Da na gama tattara lissafin, sai na sake kiran Kawu. Na ce, "Kawu, in kuna son Juma'ar Katsina, ranar Laraba za ku fito, gobe ke nan. Ku kwana Abuja wajen Yaya, Alhamis ku wuce. In jirgin Alhamis ya ƙi, ku hau na Kano."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kwana biyu? Don tafiyar minti ashirin?"

Na ce haka lissafin ya nuna. Ya ce bari ya sa a goge masa rigunansa tun da daren nan.